Motar da Dawuda Kunne Ya Ce a Saya

A Kankiya, in mutum ya tashi sayen mota bai nemi Dawuda Kunne ba, akan ɗauka ko dai kuɗi ne suka yi masa yawa, ko hankali ne ya yi masa kaɗan. Al'adar garin ke nan: ba a sayen mota sai an tafi da bakanike ya ji ta. Mai saye ya duba fenti da kujeru, ya shafa taya, ya yi ta murmushi, amma maganar ƙarshe ta bakanike ce. In ya ce a saya, a saya. In ya kaɗa kai ya kama hanyar fita, to ko dillali zai yi rantsuwa har ya gaji, ciniki ya watse.

Dawuda haifaffen Kunduru ne, ɗan manomin gyaɗa, amma tun yana ƙarami fartanya ba ta zauna masa a hannu ba. In an aike shi kai niƙa sai a neme shi a rasa, yana can tsugune gefen injin yana saurare. Ya sha duka a kan haka har babansa ya gaji, ya kawo shi Kankiya ya damƙa shi ga wani tsohon bakanike a bakin titin Kano zuwa Katsina, ya ce ga shi nan, tunda ƙarfe ya zaɓa. Shekara talatin da wani abu ke nan yana wannan bakin titi, a ƙarƙashin rumfar kwano guda, baƙin mai ya rine masa farce har ba ya fita ko ranar Sallah.

Yadda yake aiki shi ya jawo masa sunan Kunne. Za a kawo mota, ya ce a tayar, ya ɗaga hannu kowa ya yi shiru. Sai ya ɗauko wani dogon sukundireba, ya ɗora bakinsa a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Can sai ya ce fulogi na uku ne, ko ya ce bawul ne, ko ya ce wa mai motar ya je ya fara neman kuɗin ringi. A kwance inji a tarar haka ne. Direbobin tasha sukan tsokane shi su ce ranar da zai mutu sai an tayar masa da mota ya ji tukuna. Aibinsa guda ne, kuma kowa ya san shi: a kan mota ba a koya masa. Ka gaya masa abin da bai sani ba a kan noma ko addini, zai ce na gode. A kan mota kuwa sai ya yi wata guda bai gaishe ka ba.

Duk duniya ba wanda yake tausasa wa murya irin ƙanwarsa Luba. Ita ce autarsu. Mahaifiyarsu ta rasu Luba ba ta kai shekara biyar ba, kuma da guminsa na gareji ya yi mata makaranta, da shi ya yi mata kayan ɗaki lokacin da ta auri Malam Uthman na Kusada. Malam Uthman mutum ne mai sanyin hali, yana koyarwa a Islamiyya, yana noma gonar da ya gada a Dudunni. 'Ya'yansu huɗu. Da a ce za a bar mutane su zauna yadda suke, da labarin nan bai da abin faɗa.

Shekarar da ta biyo bayan cire tallafin mai, ƙafafun Luba suka fara kumbura. Aka yi na gida, aka yi na kemis, daga bisani likita a Katsina ya ce ƙodojinta sun gaza. Sai wankin ƙoda, sau biyu a mako, Litinin da Alhamis. Injinan wankin kaɗan ne, masu jira da yawa, kowa da lokacinsa. In lokacinka ya yi ba ka nan, a ɗora wani, kai kuma ka jira wata ranar da dafin da ƙoda ta kasa tacewa a jikinka.

Daga Kusada zuwa Katsina ga mai lafiya ba komai ba ne. Ga Luba azaba ce. A ɗauko ta a acaba zuwa tasha, a jira mota ta cika, a zo Kankiya a sake jiran wata, a cusa su huɗu a baya da buhuna a ƙarƙashin ƙafa. Dawowa ta fi muni, don bayan wankin ko zama ba ta iya yi, sai jiri da amai, fasinjoji suna toshe hanci. Sau biyu suka isa an riga an ba wani gadonta. Da suka dawo a karo na biyun, kafin mako ya zagayo Malam Uthman ya sayar da gonar Dudunni. Ya raba kuɗin biyu, rabi na wanki, rabi na 'yar ƙaramar mota da zai riƙa kai ta da kansa. Sannan ya zo gareji.

"Yaya Dawuda, ni ban san mota ba sai tuƙi," in ji shi. "Abin da ya rage mani ke nan a duniya. Ka zo mu tafi ka ji mani."

Ranar wata Asabar suka shiga Katsina, wurin wani dillali da ake kira Alhaji Kabo. Motocin da kuɗin Malam za su iya saye guda uku ne, duk ƙanana, an jera su a ƙarƙashin bedi. Ta farko mai fetur ce zalla, tsohuwar yayi, irin wadda Dawuda zai iya kwancewa ya ɗaure da ido rufe. Ta biyu mai caji ce, ba ta da inji sam, sai batir. Ta uku ita ake kira haibirid, wato tana da injin fetur, tana kuma da wani babban batir a bayan kujerar baya, suna karɓa-karɓa, shi ya sa ba ta shan mai sosai.

Mai caji ba ta ɗauki lokaci ba. Alhaji Kabo yana cikin zuba bayani cewa ba ruwanka da gidan mai har abada, Malam Uthman ya tambaye shi a hankali, da wace wuta za a yi cajin. A Kusada wuta takan yi mako ba ta leƙo ba, in ta zo kuma kafin ka jona waya ta ɗauke. Har dillalin sai da ya yi dariya.

Dawuda ya ji mai fetur. Lafiya lau take, ya kuma faɗa. Amma idon Malam yana kan ta ukun, don ya riga ya yi tunanin tafiya biyu a mako da tsadar mai, ya san duk abin da gidan mai ya ci daga na wanki aka cire shi.

"Wagga fa, Yaya? An ce rabin man waccan take sha."

Kafin Dawuda ya buɗe baki, Alhaji Kabo ya riga shi. "Malam, wannan kam sai dai ka yarda da ni. Ta fi ƙarfin kanikawan bakin titi."

Da wasa ya faɗa, irin ta dillalai, amma maganar ta sauka inda bai kamata ba. Dawuda ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi. Gaskiyar da ke cikinsa a lokacin gajeriya ce, bai taɓa buɗe irin wannan mota ba. Da ya faɗe ta da ba wanda zai rage shi da komai. Maimakon haka sai ya ce a tayar.

Aka danna maɓalli. Shiru. Fitilu suka kama a gaban direba, amma ba ƙara ba girgiza. Dawuda na tsaye da sukundireba a hannu, ba abin da zai ɗora shi a kai, mutane suna kallonsa. Bai taɓa jin kunya irin ta wannan ɗan lokaci ba. Can sai injin ya tashi da kansa, ya kuma ci gaba da aiki bai tsaya ba. Dawuda ya yi ajiyar zuciya, ya manna kunne. Inji ne mai kyau, tsaf, ba ƙwanƙwasa ba shan iska. Ya zagaya ya shiga baya don ya ji ƙafafun motar, nan ya ji wani huci siriri yana fitowa daga gefen kujera, kamar na fanka. Ya ji shi sarai. Ya tambayi kansa ko mene ne, bai samu amsa ba, sai ya ba kansa amsar cewa na'urar sanyaya mota ce.

Akwai wani mutum a bakin wurin, Mudassir, da ke da na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Malam Uthman ya nuna shi. "Yaya, ko a ba shi ya jona mata? An ce ba tsada."

"Malam, in kwamfuta za ka tambaya, mi ya sa ka ɗauko ni tun daga Kankiya?"

Malam ya ba da haƙuri har sau biyu. Dawuda ya rufe bonet da tafin hannu, ya ce, "A saya."

Wata uku motar ta yi tana aiki, kuma ba za a ɓoye ba, watannin nan uku su ne mafi sauƙi da Luba ta gani tun da ciwon ya same ta. An sa mata filo a baya, tana kwanciya ta miƙe ƙafa. Ba ta sake rasa lokacinta ba. Kumburin ya sauka, ta koma shiga kicin, har tana aiko wa Dawuda da dambu. Duk Litinin da Alhamis in sun zo wucewa ta gaban gareji Malam yakan danna hon, Dawuda ya ɗaga hannu, ya juya ya kalli direbobin da ke zaune don ya tabbatar sun gani.

Bazara ta shigo da zafinta. Wata Alhamis da hantsi, sun wuce Caranci kaɗan, fitilu suka cika gaban motar, ja da ruwan ɗorawa, ta rage gudu da kanta, ta gangara gefen titi ta tsaya. Mutanen da ke wurin suka yi abin da kowa ya saba yi wa mota in ta mutu: suka taru suka tura. Suka tura gaba, suka tura baya, majiya ƙarfi shida suna haki, mota ko tari ba ta yi ba. Irin wannan ba ta tashi da turi, amma wa ya sani a wurin?

Malam ya kira Dawuda, ya zo a kan babur ɗinsa. Ya buɗe bonet, ya tsaya. Wayoyi masu ruwan lemo, akwatuna a rufe, ba abin da ke motsi balle ya saurara. Ya taɓa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya goge kan ƙaramin batir, duk don kada a ga hannunsa a sake. Luba tana kwance a baya, gumi ya jiƙa mata hijabi. Ya ce minti goma. Ya sake cewa minti goma. Da a ce tun zuwansa ya tare musu wata motar, da sun isa. Sai da rana ta take tsaka ya haƙura ya tare, suka isa Katsina an daɗe da ɗora wani.

Ya ɗaure motar da igiya aka ja ta har Kankiya, yadda ya ja ɗaruruwan motoci a rayuwarsa. Mako biyu tana gaban rumfarsa yana kewaya ta. A na uku, ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya je Katsina ya ɗauko Mudassir mai na'ura, wanda ya wulaƙanta na'urarsa a gaban mutane. Mudassir bai tuna masa ba. Ya jona abinsa, ya duba, ya cire kujerar baya.

"Baba, babban batirin ne ya mutu. Kuma ba yau ya fara ba. Ran da kuka saye ta, in an tayar injin yana tsayawa ya huta, ko yana ta aiki?"

"Yana ta aiki."

"To shi ke nan. Mai lafiya injinta yakan yi shiru ya bar ma batir. In ka ji ya ƙi tsayawa, batir ne ba ya riƙe wuta. Fankar nan ta baya fa, ba ku ji tana huci ba? Ita ke sanyaya shi. In tana kuka mota na tsaye, ya gama yawo." Ya ƙara duba na'urar. "Kuma an ja ta da igiya, ko? Ba a jan su haka. Ya ƙona wani abin a gaba."

Dawuda ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Ashe kunnen bai ci amanarsa ba. Duk abin da ya kamata ya ji ya ji shi, tun a ranar, Malam na tsaye a gefensa. Abin da ya rage kawai ya buɗe baki ya tambaya, shi ne ya gagare shi. Baƙin cikin da ya kama shi a wurin ya fi ƙarfin kuka.

Gyaran ya kusa kuɗin motar, dillali kuma ya ce ciniki ya riga ya faɗa. Dawuda ya sayar da babur ɗinsa da janaretan gareji, abin bai kai ko'ina ba, sai ya miƙa wa Malam a ƙara a na wanki. Aka koma acaba da tasha. Ranar da Dawuda ya samu motar da aka kawo gyara yakan roƙi mai ita ya kai su, amma ba kullum ake samu ba, ba kuma kowa ke yarda a ɗauki maras lafiya a motarsa ba. Damina ta sauka, hanya ta ƙara nisa. Sau biyu a mako ya koma sau ɗaya, wani makon ma babu.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci Dawuda ya tafi Kusada da niyyar ya faɗi gaskiya kowa ya huta. Malam bai dawo ba. Ya tarar da Luba a jingine da bango a ɗakinta, don ba ta iya kwanciya, numfashi ba ya barinta. Fuskarta ta kumbura har idanun sun ƙanƙance. Ya zauna a bakin ƙofa ya fara kame-kame.

"Luba, motar nan, ran da muka je..."

"Na sani, Yaya."

"Mi kika sani?"

"Ba ka san ta ba." Ta tsaya ta ja numfashi. "Da ka san ta da ka gyara ta. Tun ina ƙarama ban taɓa ganin mota ta kwana uku gabanka ba."

Ya sunkuyar da kai. Mutumin da direbobi ke tsoron bakinsa, ga shi hawaye na ɗiga a kan tabarma.

"Ni na yafe maka, duniya da lahira. Amma ka yi mani abu guda. Kar ka gaya ma Malam."

"Haƙƙinshi ne, Luba."

"Gonar babanshi ce ya saida. Yanzu cewa yake haka Allah ya ƙaddara, ranshi a kwance. In ya ji da sakaci a ciki, ba zai ce maka komai ba, ka san shi, amma ba zai ƙara iya kallonka ba. Kuma yaran nan ba su da wani kawu sai kai. Ka yi mani alkawari."

Ya yi mata. Bayan kwana goma sha ɗaya ta rasu, da safiyar wata Talata, ana yayyafi.

Dawuda ya riƙe alkawarin, kuma riƙon ya fi faɗar wuya. Malam Uthman bai canza masa ba ko kaɗan. A zaman makoki ma, a gaban mutane, ya ce ba wanda ya tsaya wa Luba irin yayanta. Duk Juma'a yakan turo yaran zuwa Kankiya su gaishe da kawunsu. Motar tana nan gefen rumfa, tayoyinta sun sace, awaki na kwana a inuwarta. Dawuda ya rame, ya rage faɗa, har direbobi suna cewa mutuwar ƙanwa ta gyara masa hali.

Bayan an yi girbi, wata safiya, sai ga Malam Uthman tare da wani abokin aikinsa, Malam Abdulrauf, wanda shi ma yake koyarwa a Islamiyyar. Aka gaisa, aka zauna a benci. Malam Abdulrauf ya ce mahaifiyarsa ce ta samu shanyewar ɓarin jiki, ana kai ta asibiti gashin jiki a Katsina duk mako. 'Yan'uwa sun haɗa abin da suke da shi za su sayi ƙaramar mota. Ya je ya gani, akwai mai fetur, akwai mai caji, akwai haibirid, kuma hankalinsa ya fi kwanciya da haibirid saboda mai.

"Na ce mashi kar ya kuskura ya biya sai ya tafi da kai," in ji Malam Uthman. "Tamu ƙaddara ce ta faɗa mata. Amma a ƙasar nan wa ya san mota irin Yaya Dawuda?"

Dawuda ya dubi Malam Abdulrauf. Mutum ne siriri, da hula ta koɗe, ya ɗora hannuwa a gwiwa yana jira, ya riga ya yarda tun kafin a ce masa komai. In ya bi shi ya yi abin da ya saba, wata tsohuwa za ta kwanta a bayan wata motar. In ya ƙi, sai an tambaye shi dalili. Ya goge hannunsa da tsumma, ya daɗe yana gogewa.

"Malam Abdulrauf, in mai fetur za ka saya, zan je in ji maka. Sauran biyun ka nemi wani Mudassir a Katsina, mai na'ura. Ni ban san su ba. Ban taɓa sanin su ba."

Malam Abdulrauf ya yi godiya, har yana cewa gaskiya ta yi. Bai lura da komai ba. Malam Uthman kuwa bai motsa ba. Ya juya a hankali ya dubi motar da ke gefen rumfa, ya daɗe yana dubanta, sannan ya dawo da idonsa kan Dawuda. Ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi sauƙi.

"Yaya Dawuda," ya ce, muryarsa can ƙasa, "har ran da ka ce mani in saya?"

"Har ran nan, Malam."

Malam Uthman ya gyaɗa kai. Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya yi sallama yadda ya saba, ya tsallaka titi. Juma'ar da ta biyo baya Dawuda ya sayi ƙosai da rake ya ajiye, ya zauna yana duban hanyar Kusada har aka kira la'asar. Yaran ba su zo ba.